Maza uku a Yakushima: da me ake gane sabon nau'in ostirakoda?

Hauwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. An ba ni wata takarda zan gabatar a semina, tun jiya nake juya ta ta ƙi shiga. Ta 2006 ce, Robin Smith da Takahiro Kamiya da David Horne suka rubuta ta a kan wata 'yar halittar ruwan daɗi da suka samo a tsibirin Yakushima, kudancin Japan, suka raɗa mata Vestalenula cornelia. Ostirakoda ce. Ni dai duk hotunan waɗannan halittu da na gani kusan abu ɗaya ne, ɗan ƙwayar abu mai kwanso. To me mutum zai kalla ya bugi ƙirji ya ce wannan sabon nau'i ne? Kuma don me samun maza uku kacal ya zama labari har mujallar Royal Society ta buga? Malamai a taimaka wa ƙanwarku.

Malam Bala: Wa alaikumus salam Hauwa. Kafin manya su zo, bari in share fage. Ostirakoda dangin jatan lande ce da ƙaguwa, sai dai yawancinsu ba su wuce milimita ɗaya ba. Ki ɗauka makankari ne aka ƙanƙantar da shi har ya koma ɗigo: ɓari biyu na kwanso, dama da hagu, haɗe ta sama, dabbar kuma tana ciki gaba ɗayanta, har kai. Idan ta saki jiki sai ta ɗan buɗe ta fito da gaɓoɓi ta ƙasa, idan aka taɓa ta ta rufe ruf. Kwanson na alli ne, shi ya sa yake daɗewa a ƙasa bayan ta mutu. Suna teku, suna tafki, suna kududdufi, suna fadamar shinkafa. Na ruwan daɗi kaɗai, lissafin da Claude Meisch da shi wannan Smith ɗin da Koen Martens suka fitar a 2019 ya kai nau'i 2,330.

Ɗanjuma: Malam Bala, ba su ne masu kurkunu ba? Lokacin da muke zagaya ƙauyuka muna raba matatar ruwa, 'yan ƙananan abubuwan nan ne ake nuna mana suna tsalle a cikin kwalba.

Malam Bala: A'a Ɗanjuma, waccan Cyclops ce. 'Yan uwa ne na nesa, kuma kududdufi ɗaya suke zama, amma bambancin a fili yake ko da gilashin ƙara girma na hannu. Cyclops ba ta da kwanso mai ɓari biyu, jikinta gaɓa-gaɓa ne mai siririn baya, tafiyarta fizge-fizge, macen kuma za ka gan ta rataye da buhunan ƙwai biyu. Ostirakoda sulɓi take tafiya, ko ta yi rarrafe a kan laka. Tsutsar kurkunu a jikin Cyclops take zama.

Ɗanjuma: To madalla. Allah ya raba mu da shi dai, tun 2013 aka ba Najeriya da Nijar takardar shaidar rabuwa da shi. Saura irin su 'yan uwanmu na Chadi.

Dakta Rabi: Hauwa, tambayarki ta farko ita ce dukkan sana'ar. Amsar a taƙaice: kwanso yana kai ki unguwa, wani lokaci har ƙofar gida, amma sunan mai gidan sai kin buɗe kin duba gaɓoɓi.

Fara da kwanson. Idan kika raba ɓarin biyu kika wanke, kika haska daga ƙasa, za ki ga wasu 'yan tabo a wajen tsakiya. Nan ne tsokar da ke rufe kwanson take manne. Tsarin tabon nan shi ke raba manyan ƙungiyoyi uku na ruwan daɗi. A Cytheroidea guda huɗu ne a jere daga sama zuwa ƙasa. A Cypridoidea a tattare suke, ba layi ɗaya ba. A dangin Darwinulidae, wato dangin dabbar takardarki, sun yi da'ira suna fuskantar tsakiya. Da kin ga da'irar nan kin san inda kike.

Daga nan sai gida, wato rukunin nau'o'i makusanta masu sunan farko ɗaya. Abin da Rossetti da Martens suka kafa gidan Vestalenula a kansa a 1998 shi ne ɗan tudu mai tsawo a ƙasan ɓarin dama ta baya, da ɗan haƙori a cikin ɓarin hagu ta gaba. Darwinula ba ta da su. Tsawon tudun da siffar haƙorin suna taimakawa wajen raba nau'o'in gidan, amma ba su isa su kaɗai ba.

Gaɓoɓi kuwa bakwai ne bibbiyu: antena ta ɗaya (antena su ne 'yan ƙahonin nan na gaban kai), antena ta biyu, muƙamuƙi, ƙaramin muƙamuƙi, sai gaɓa ta biyar da ta shida da ta bakwai. A can baya akwai wani reshe mai farata da ake kira furka, a wasu dogo ne ƙaƙƙarfa, a Darwinulidae ya kusa ɓacewa. Mai bayyana sabon nau'i zai zana kowace gaɓa, ya ƙirga sassanta, ya ƙirga gashin da ke kan kowane sashe, ya auna tsawon kowane gashi da na maƙwabcinsa. Shi ya sa kika ga takardar cike da zane-zane masu gundura. Zanen nan su ne hujjar.

Hauwa: Na gode Dakta. Amma gashi fa? Gashi ɗaya ya raba nau'i da nau'i?

Dakta Rabi: Idan ya tabbata a jikin kowace dabba da aka buɗe daga wurin, kuma ya zo tare da wani bambancin a kwanso, ƙwarai kuwa. Gashin nan aiki suke yi. Dubi antena ta biyu: masu iyo suna da dogayen gashi a nan da suka kai ko suka wuce bakin farata, masu rarrafe nasu gajeru ne ko babu. Darwinulidae ba su da su sam, ba sa iyo, a cikin laka suke rayuwarsu. Gaɓa ta bakwai ma haka, a Cypridoidea ta lanƙwashe sama ta zama abin share cikin kwanso, a Darwinulidae ƙafar tafiya ce.

Malam Isiyaku: Dakta, Allah ya ƙara sani, amma kin ɗan taka mu masu duwatsu. Mu ba mu taɓa ganin gashi ba, kwanso kaɗai ƙasa ke bar mana, kuma da shi aka raɗa wa dubban nau'o'i suna tun daga duwatsun zamanin Odobishiyan, sama da shekara miliyan 450. Da kwanson ostirakodar ruwan daɗi aka nuna cewa duwatsun Bahia a Brazil da na Gabon tafkuna ɗaya suka kwanta a ciki kafin Tekun Atilantika ya raba su. Masu haƙar mai har gobe da shi suke gane shekarun dutse. Mu dawo gida ma: a Kajemarum, cikin tuddan yashin Manga a arewacin Yobe, Street-Perrott da Jonathan Holmes da abokansu sun haƙo laka suka karanta tarihin fari na shekara 5,500, aka buga a 2000. Dabbar tana gina sabon kwanso cikin ɗan lokaci bayan ta yi saɓa, da sinadaran ruwan da take ciki a ranar, saboda haka yawan wani sinadari mai suna sitirontiyom da ke cikin kwanson yana faɗin yadda gishirin ruwan yake a lokacin. Kafin su auna sai da suka gane nau'in, kuma da kwanso suka gane shi.

Dakta Rabi: Malam Isiyaku, ban raina kwanso ba, ni ma da shi nake farawa. Amma ka karanta takardar Hauwa, domin ku ta fi shafa. Nan ne amsar tambayarta ta biyu take.

Darwinulidae an daɗe ana cewa mata ne zalla, suna haihuwa ba namiji, kuma wai haka suke sama da shekara miliyan 200. Wannan babbar magana ce a ilimin halitta, don ka'idar da aka sani ita ce zuri'ar da ta daina barbara ba ta yin nisan kwana, kurakuran gado suna taruwa su kashe ta. Hujjar shekara miliyan 200 ɗin daga ina ta fito? Daga kwanso. Macen Darwinulidae tana goyon ƙwai da jarirai a cikin kwansonta ta baya, don haka bayanta a kumbure yake. Masu duba duwatsu suka ga manya duk masu kumburin baya ne, ƙananan da ba su da shi kuma aka ce yara ne.

Sai ga Smith da abokansa sun buɗe wasu ƙanana uku da ke kama da 'yan mata masu saura saɓa ɗaya su balaga, girma ɗaya, siffa ɗaya. Da aka buɗe sai ga maza baligai. Antena ta biyu mai sassa shida a maimakon biyar na mace, da ƙarin gashin sansano a mahaɗar ƙarin sashen. Gaɓa ta biyar ta zama ƙugiya ta riƙe mace. Ga kuma al'aurar namiji guda biyu. Sama da shekara 100 ba a ba da rahoton namiji mai rai a dangin ba, rahotanni biyu na ƙarshen ƙarni na 19 kuma dama ana tababa a kansu. Marubutan suka ce, wa ya sani ko maza nawa aka jefa cikin kwandon yara, a masu rai da na cikin duwatsu. Kama da wane ai ba wane ba ne.

Malam Isiyaku: Na ji wannan, kuma ta shige ni. Amma kada a yi saurin rufe shari'a. Martens da Isa Schön sun mayar da martani a 2008, suka ce ganin namiji daban, tabbatar da cewa yana aikin namiji daban. A halittu masu haihuwa ba barbara akan sami namiji jefi-jefi wanda ragowar tsohon gado ne kawai. Uku a tsibiri ɗaya ba su rushe dangi guda ba.

Dakta Rabi: Gaskiya ne, wannan gardamar ba ta mutu ba. Hauwa, ki faɗi ɓangarorin biyu a seminarki. Abin da ba gardama a kansa shi ne da ba a sa allura an buɗe ba, da babu ma abin da za a yi gardamar a kai.

Sadiya: Ni fa duk wannan ƙirgar gashin tausayi take ba ni. Muna zamanin DNA. A 2010 an duba Eucypris virens ta Turai, wadda kowa ke ɗauka nau'i ɗaya ce, aka tarar da zuri'o'i wajen 40 da suka rabu da juna a gado, ido kuma ba ya raba su. Ke nan mai allura da maikuroskof ma kuskure yake yi, ba mai kwanso kaɗai ba. A niƙa dabba, a karanta COI, wato ɗan yankin DNA da ake gane nau'in dabba da shi, a wuce wurin.

Malam Bala: Sadiya, a karanta a kwatanta da me? Injin zai ba ki jerin haruffa, sai ki je rumbun intanet ki nemi mai kama da shi. Idan ba wanda ya taɓa zana dabbar ya raɗa mata suna ya sa jerinta a can, amsar da za ki samu ita ce babu. Na Afirka ta Yamma kuwa kaɗan ne ƙwarai a rumbun. Kuma idan wanda ya sa jerin tun farko ya yi kuskuren suna, kin gaji kuskurensa.

Sadiya: To ai shi ya sa za a fara sawa.

Dakta Rabi: Ku biyun kuna da rabo. Dubi aikin da Martens da Stuart Halse da Schön suka yi a kan Bennelongia a yammacin Ostareliya, 2012, sababbin nau'o'i tara a takarda ɗaya. Sun yi DNA, sun ɗauki hoton kwanso da maikuroskof mai lantarki, sun zana gaɓoɓin maza. Inda ukun suka yarda da juna nan suka sa suna. Haka ake yi yanzu. Sai dai Sadiya, kalmar niƙa ɗin nan ki bar ta. Ki cire ɓarin kwanso biyu ki adana tukuna, in ba haka ba ranar da jerinki ya zo da abin mamaki ba ki da abin nunawa.

Nura: Salam. Ina bin ku a hankali. Dakta ranki ya daɗe, ina da wasu a kwalba, daga fadamar shinkafa ta wajen Kura na ɗebo don aikina na ƙarshe. Launin ƙasa-ƙasa mai ɗan rawaya, kamar milimita ɗaya, suna iyo da sauri a gefen kwalbar. Na duba hotuna a intanet ban ga mai kama da su sak ba. Anya ba sabon nau'i na kama ba?

Malam Isiyaku: Kowane ɗalibi da kwalbarsa sabon nau'i ya kama.

Nura: Haba Malam, a bar yaro ya yi mafarki mana.

Dakta Rabi: Zai iya yiwuwa Nura, yankinmu ba a bincike shi sosai ba. Amma bi a sannu. Da farko ka tabbatar ostirakoda ce. Idan kwanson yana da layuka-layuka na girma masu bin juna, wata halitta ce daban, don ostirakoda tana yar da kwansonta duk saɓa, ba ta tara layi. Idan kan dabbar yana waje da kwanso, dangin Daphnia ne, wata 'yar halittar ruwa ta daban.

Na biyu, manya kaɗai za ka duba. Sau takwas suke saɓa kafin su balaga, yaro kuma gaɓoɓinsa ba su cika ba, zai ɓatar da kai. Zaɓi mafi girma a kwalbar.

Na uku, kada ka zuba masu fomalin, yana cinye allin kwanso. Itanol za ka sa, kuma kaɗan-kaɗan, don idan ka antaya masu mai ƙarfi lokaci ɗaya za su ƙulle kwanso su mutu a haka, buɗewa ta zama aiki. Bayan sun mutu ka mayar da su cikin kashi 70, waɗanda kake so don DNA kuma cikin kashi 95 ko sama.

Sai ka sa guda a ɗigon ruwa ƙarƙashin maikuroskof, ka duba min abu biyu: wane ɓari ne ya rufe ɗan uwansa ta gaba, kuma a bakin wane ɓari ne akwai 'yan ƙurajen da suka jeru.

Nura: Dakta, ta yaya zan san dama da hagu? Abin duk a dunƙule yake.

Dakta Rabi: Nemi idon, ɗan baƙin ɗigo ne a sama kusa da mahaɗar kwanso, ya fi kusa da gaba. Ta nan antena ke fitowa. Tsayar da dabbar da bakin allura, mahaɗa tana sama, gabanta yana kallon nesa da kai. Abin da ke damanka shi ne ɓarin dama. Za ta yi ta faɗuwa, sa ɗan zaren auduga a cikin ɗigon ya tokare ta.

Malam Bala: Kafin ya dawo, wani ɗan tarihi da ya shafe mu. George Brady, wanda shi da Robertson suka fara bayyana Darwinula stevensoni a 1870, shi ne kuma a 1910 ya buga bayani a kan ƙananan halittun ruwa da Dakta J. M. Dalziel ya tattara a Arewacin Najeriya ya aika masa Ingila. Dalziel ɗin nan shi ne mai littafin sunayen tsirrai da Hausa na 1916. Likita ne, Cyclops ne kan gaba a abin da ya tara. Ɗanjuma, ka ga maganarka ba ta faɗi ƙasa ba.

Ɗanjuma: Ai dama na san akwai zumunci a wani wuri.

Nura: Na dawo. Na buɗe shida. Ɓarin dama ne babba, shi ya rufe na hagu ta gaba. Ƙurajen kuma a bakin na hagu suke, ta gaba da ta ƙasan baya. Gashin antena ta biyu dogaye ne, sun wuce farata. Biyu sun fashe a hannuna, allurar ta yi kauri.

Dakta Rabi: Madalla, ka yi ƙoƙari. Wannan tsarin na gidan Hemicypris ne. Da hagu ne babba, ƙurajen kuma a dama, da Heterocypris muke magana, da kuma ɓarin dama yana da tozo a sama, da sai mu duba Cyprinotus. Hemicypris sananne ne a fadamun shinkafa na ƙasashe masu zafi, Afirka da Asiya. Yanzu ka san gida. Akwai maza a ciki?

Nura: Yaya zan gane namiji?

Dakta Rabi: A wannan dangin ba ya ɓuya. Ta bayan jiki za ka ga wasu bututu biyu masu zobba-zobba na ƙaya, ana kiransu gaɓar Zenker, su ne famfon da ke tura maniyyi. Sau da yawa ana hango su ta cikin kwanso tun ba a buɗe ba. Mazan Yakushima ba su da wannan gaɓar, Hauwa ki lura da wannan ma, yana cikin abin da takardarki ta tsaya a kai.

Hauwa: Na gani Dakta, na ja masa layi. Amma famfo don me, a jikin abin da bai kai ƙwayar gero ba?

Malam Isiyaku: Don maniyyinsu dogo ne na ban mamaki, a nau'o'i da yawa zare ɗaya ya fi dabbar kanta tsawo, a wasu na Ostareliya ya kai santimita guda. Kuma tsohon al'amari ne. A 2020 an bayyana Myanmarcypris hui daga cikin daskararren ƙaro na ƙasar Myanmar mai shekara wajen miliyan 100, aka ga irin wannan maniyyin a jikin macen. Ka ga mu ma masu duwatsu wani lokaci Allah yana ba mu nama, ba kwanso kaɗai ba.

Ɗanjuma: Subhanallah.

Nura: Na sake dubawa, ban ga bututun a ko ɗaya ba. Duk ƙwai ne a jikinsu.

Dakta Rabi: To mata ne, kuma ba abin mamaki ba ne, da yawa daga na fadama haka suke yaɗuwa ba namiji. Hakan yana ƙara wahalar aikin, don siffar al'aurar namiji da ƙugiyoyin gaɓa ta biyar su ne suka fi raba nau'o'i masu kama da juna. Da mata kaɗai, sai ka zana kwanso ta gefe da ta sama, ka auna tsawo da tsayi da faɗi na aƙalla goma, ka zana furka da gashinta, sannan ka bi bayanin kowane nau'in Hemicypris da aka taɓa bugawa ɗaya bayan ɗaya, har da tsofaffin da ke cikin Jamusanci da Faransanci. Jerin sunayen nau'o'in Afirka da Martens ya fitar a 1984 nan za ka fara. Sai duk sun ƙi dacewa za a fara maganar sabo. Ko a lokacin ma suna ba ya tabbata sai ka ware dabba ɗaya a matsayin samfurin asali, ka faɗi gidan adana da ka ajiye ta inda wani zai iya zuwa ya duba, ka buga bayanin, in kuma a intanet kaɗai mujallar ke fita, a yi rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi.

Sadiya: Nura ka ware min ashirin a itanol mai ƙarfi, ka sa a firiji. In dama ta samu mu karanta su.

Nura: An gama Yaya Sadiya. Dakta, matsalar ita ce an kusa girbi, za a janye ruwan fadamar. In waɗannan suka ƙare fa?

Dakta Rabi: Ba ka rasa su ba. Ƙwansu yana jure bushewa shekara da shekaru. Wani masani na da, G. O. Sars, yana zaune a Norway ake aiko masa busasshiyar laka daga Ostareliya da Afirka ta Kudu, ya zuba ruwa, su ƙyanƙyashe, ya bayyana nau'o'i da dama a haka, gidan Hemicypris ɗin ma shi ya kafa shi a 1903. Idan fadamar ta bushe ka kankare saman lakar, kaurin yatsa ɗaya, daga wurare daban-daban, ka sa a takarda ba leda ba, ka rubuta wuri da rana. In kana bukata ka zuba cokali biyu a kwalba da ruwan sama, ka ajiye inda haske ke shiga ba rana kai tsaye ba. Cikin 'yan makonni za ka sami manya. Allura kuma ka nemo siraran da ake kafe ƙwari da su, ka soka gindin a tsinken ashana, ka yi fiɗar a cikin ɗigon gilisarin, amma kwanson ka ɗauraye shi ka ajiye a bushe.

Malam Isiyaku: In ka je kankarar lakar ka haƙa min ƙasa kaɗan, kamar kamu ɗaya, ka zubo a wata takardar daban. Ina son ganin ko kwanson da ke ƙasa irin na saman ne.

Nura: To Malam, in sha Allahu. Da fartanya zan je.